Sabuwar Kwamfuta da Kayan Wasu a Cikinta

Duk wanda yake buga takardu don ya ci abinci a Magarya ya san wuta da mega ba abin wasa ba ne. Wuta takan zo ta tafi ba sallama. Mega kuwa daga aljihu ake sayen ta, forfen yini ko na mako, kuma idan ta ƙare ta ƙare. Ga kuma mai takarda tsaye a bakin ƙofa, ɗan kabu-kabu yana jiran shi, yana so ya kai ta ofishin magajin gari kafin a tashi. A irin wannan wuri, duk abin da ya ci batirinka ko megarka ba da izininka ba, a cikin kwanon abincinka ya sa hannu. Na daɗe ina wannan aiki kafin in gane cewa sabuwar kwamfuta, wadda aka ɓare daga kwali a gabana, tana iya zuwa da masu ci irin waɗannan tun daga masana'anta.

Ni mushen lakol ne. Da rana ina aji, da yamma ina buga wa mutane abin da suka kawo: tambayoyin jarabawa na abokan aiki, takardar neman aiki ta yaran da suka gama karatu, lissafin ƙungiyoyin manoman riɗi da na masu rake daga wajen Bande da Waca. Shekaru da dama da tsofaffin kwamfutoci na yi aiki, waɗanda suka sha hannu kafin su iso gare ni. Da na kwashi adashe sai na ce wannan karon sabuwa zan saya. Wani ɗan'uwana da yake fatauci zuwa Kano ya zo min da ita ta Babban Mutum da Tinkim, kwalinta a liƙe. Ƙarama ce, ƙwaƙwalwar aikinta giga 4, madannanta jerin Ingilishi, wanda ya fara da QWERTY, alhali yatsuna sun saba da AZERTY na Faransanci. Wannan bai dame ni ba, yatsa yana koyo.

Abin da ya dame ni shi ne nauyinta. Ka kunna ta, ka je ka yi alwala ka dawo, tana nan tana juyi. Idan ta buɗe kuma sai tagogi su dinga faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Wani maganin ƙwayar cuta na gwaji yana ƙirga min kwanakin da suka rage. Wata manhaja tana tallan ma'ajiyar hotuna a intanet. Wasannin da ban taɓa nema ba suna jere a gaba, ga wasu shirye-shirye na kamfanin da ya ƙera ta, kowanne yana cewa shi mataimaki ne, kowanne yana so in buɗe rajista da shi. Idan na jona ta da intanet ɗin salulata don in aika takarda guda, kafin in gama sai saƙo ya shigo cewa forfena ya kusa ƙarewa.

Tsoron ta nake yi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin. Kuɗin adashe ne a ciki, kuɗin da iyalina suka yi haƙuri da rashinsa wata da watanni. Da kwanakin gwajin suka cika, garkuwar maganin ƙwayar cutar nan ta koma ja, tana rubuta min da manyan haruffa cewa kwamfutata tana cikin haɗari, in sa lambar katin banki in sabunta. Ba ni da irin wannan kati, yawancin mutanen da na sani ma ba su da shi. Kowane dare idan jan nan ya fito sai gabana ya faɗi, in ga kamar gobe zan tashi in tarar aikin mutane ya ɓace. Na sa wa raina cewa haka abin talaka yake, araha ba ta ado, wanda ya sayi ƙarama sai ya yi haƙuri da halinta. Ina tsayawa gaban yara sittin ko fiye in yi magana ba gargada, amma akwatin da na saya da kuɗina ya sa ina jin kamar baƙo ne ni a gabansa.

Rashin wuta ne ya fitar da ni daga wannan hali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar take sha. Sai a farkon 2024 aka ɗage takunkumin. A tsakanin nan kowane minti na batir ya zama dukiya. Nakan kai kwamfutar caji wajen mai sola, in dawo da ita cike, in ga tana zubar da cajin tun ban buga shafin kirki ba, fankarta tana huci kamar tana wani babban aiki alhali ban sa ta komai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na sa ta a jaka na hau mota zuwa Damagaram.

Yaron da ya duba ta yana da ɗan shago ba nisa da kasuwar Dole, kuma a shekaru bai wuce ɗaliban da na koyar ba. Ya danna maɓallai uku tare, Ctrl da Maj da Échap, wani allo ya fito da jerin duk abin da yake aiki a ɓoye. Ya juyo da fuskar wajena.

"Mushe, a cikin waɗannan wanne ne kai ka kunna?"

Na duba daga sama har ƙasa. Na ce, "Ko ɗaya."

"To ka gani, Mushe. Lafiyarta lau. Kaya ne aka ɗora mata tun can. Kai kake biyan caji, kai kake sayen mega, su kuma suna aikinsu."

Na tambaye shi wa ya ɗora, kuma don me. Amsar da ya ba ni a tsaye, daga baya na bi ta da karatu na ga haka take. Ribar da masu ƙera kwamfuta suke samu a kan ƙananan na'urori ba ta da yawa, saboda gasa ta yi tsanani. Sai masu manhajoji su biya su don a sa kayansu a ciki tun kafin a rufe kwali. Mai maganin ƙwayar cuta yana fatan idan gwajin ya ƙare tsoro zai sa ka biya. Mai wasa yana fatan ka saba har ka fara sayen abubuwa a cikin wasan. Mai talla yana son sanin inda kake shiga a intanet. Kamar ka sayi jaki ne a kasuwa ka tarar mai sayarwa ya riga ya yi jinga da wasu cewa zai dinga ɗaukar musu kaya, harawa kuwa kai za ka saya.

Su kansu kamfanonin sun san abin yana da farashi. A 2008 Sony ta fito da tsarin da mai saye zai ƙara dala 50 ta Amurka don a ba shi kwamfuta ba tare da waɗannan tarkace ba, sai da mutane suka yi ca a kanta ta janye kuɗin. Microsoft ta yi shekaru tana sayar da wasu kwamfutoci a shagunanta da sunan Signature, abin tallarsu shi ne an share su tas. Amma ita ɗin ce kuma a 2015, da ta fito da Windows 10, ta haɗa shi da wasan Candy Crush.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne labarin Superfish. Daga ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015, Lenovo ta sayar da kwamfutocin hannu masu ɗauke da wannan manhaja, aikinta ta cusa talla a shafukan da mutum yake buɗewa. Don ta iya leƙa har cikin shafukan da suke a kulle, irin na banki da na wasiƙu, sai ta sa wa na'urar wata takardar shaida tata ta kanta, ta tsaya tsakanin mutum da shafin. Mabuɗin wannan shaida iri ɗaya ne a duk kwamfutocin, kuma da maganar ta fasu a Fabrairu 2015 masana tsaro ba su ɗauki lokaci ba suka fasa shi. Ma'ana, duk ɓarawon da yake kan wifi ɗaya da kai zai iya kafa maka shafin banki na ƙarya, kwamfutarka ta karɓe shi a matsayin na gaskiya. A Satumba 2017 kamfanin ya sasanta da hukumar kula da ciniki ta Amurka, ya kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5. Mutanen da abin ya shafa ba su shiga wani mugun shafi ba, ba su sa kle mai ƙwayar cuta ba. Sabuwa suka saya, a kwali.

Yadda muka share tawa ba shi da wuya, kuma shi ya sa nake jin zafin watannin da na yi cikin tsoro. Yaron ya fara juya min harshenta zuwa Faransanci don in iya karanta abin da take faɗa min. Sannan ya ce in kwafe takardun mutane a kle kafin mu taɓa komai. A allon nan na Gestionnaire des tâches akwai sashen Démarrage, inda ake ganin duk abin da yake tashi tare da kwamfuta idan an kunna ta. A nan ba a goge komai, hana shi tashi kawai ake yi, kuma idan ka ga ka hana wani abu mai amfani sai ka mayar. Da wannan kaɗai juyin safe ya ragu ƙwarai. Daga nan muka shiga Paramètres, sashen Applications, muka bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Shi yana karanta suna, yana faɗa min aikinsa, ni nake danna Désinstaller da hannuna. Ya nace sai ni zan danna, kuma na gode masa a kan haka har yau.

Da muka zo kan garkuwar ja na ja baya. Na ce, "Yaro, wannan fa shi ne mai gadin."

Ya ce, "Mushe, wa'adinsa ya ƙare, ba ya samun sabon bayani. Windows tana da nata mai gadin a ciki, Defender, ba a biyan ko dala. Idan an sa wani daga waje sai ya ja gefe. Cire wannan ka ga ya dawo bakin aiki."

Haka kuwa aka yi. Sai ya nuna min wani ɗan maɓalli a saitin wifi mai suna Connexion limitée. Idan ka kunna shi kana gaya wa kwamfuta cewa wannan intanet ɗin a ƙirge yake, ta rage jan manyan kaya a ɓoye. A ganina duk mai jona kwamfuta da salula daga Sassumburum har Mallawa ya kamata ya san wannan maɓalli tun ranar farko. Sai dai kada mutum ya bar na'urarsa ba sabuntawa har abada, domin gyaran tsaro ta nan yake zuwa. Ni nakan bari sai na samu wifi mai yalwa in sake mata ta sha.

Akwai abin da ya hana ni taɓawa. Ba duk sunan da ba ka gane ba ne tarkace. Wasu su ne masu sa sauti ya fita, ko wifi ya kama, ko faifan yatsa ya motsa, galibi za ka ga sunan Intel ko AMD ko Realtek a jikinsu. Akwai kuma waɗanda wasu manhajoji suke dogara da su, irin masu suna Visual C++. Na ga wani abokin aiki da zafin nama ya kwashe, ya goge duk abin da bai sani ba, ya wayi gari kwamfutarsa ba ta ganin intanet sam. Ƙa'idar da yaron ya ba ni ita ce in ba ka san aikin abu ba, hana shi tashi tukuna, ka nemi bayaninsa, gogewa ta zo daga baya. Wanda kuma yake son share komai daga tushe, ya sani cewa Réinitialiser ce PC wani lokaci yakan dawo da kayan kamfanin, don suna cikin ajiyar da yake ɗebowa. Hanya mafi tsabta ita ce a sauko da Windows daga shafin Microsoft a kan kle mai giga 8, a zuba sabo. A kwamfutocin da suka zo da Windows na asali tun daga Windows 8, lasisin yana cikin jikin na'urar, ba sai an sake saye ba. Abin ya haura giga 4, don haka aikin birni ne, ba na forfen yini ba.

Kashi na biyu na wannan matsala namu ne, kuma ya fi wuyar faɗa domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. A kasuwanninmu, daga titin Beirut da Farm Centre na Kano har shagunan Damagaram da Maraɗi, mai saye yakan ce a cika masa ita, mai sayarwa kuma yana ganin karamci ne ya zuba duk abin da yake cikin faifansa. Ƙanwata tana riƙe wa wata ƙungiyar mata lissafi a Dungas. Kwamfutarsu ta shigo ta hanyar Maigatari, kuma ta kira ni tana cewa, "Yaya, abin nan ya fi ƙarfina, lissafi ɗaya sai in yi sallar la'asar bai buɗe ba." Da na je na tarar da maganin ƙwayar cuta har kala uku, kowanne yana binciken ɗan'uwansa, da manhajojin kallon fim masu aiki iri ɗaya, da wasu masu cewa suna ƙara sauri alhali talla suke jawowa. Mafi muni shi ne ɗan abin da ake sawa don a fasa lasisin Windows da Office. Kafin a sa shi sai an kashe mai gadin kwamfuta, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da aka cusa a cikinsa, tunda daga hannu zuwa hannu yake yawo. A cikin wannan na'ura sunayen mata suke, da lambobin wayarsu, da bashin da ake bin kowacce. Muka zauna a tabarma muka bi jerin, ita take dannawa. Na sa mata LibreOffice, wanda kyauta ne ta halal, kuma yana buɗe takardun Word da Excel. Lissafin ƙungiya bai fi ƙarfinsa ba.

Ba na zargin samarin da suke wannan cike-ciken. Abin da aka koya musu ke nan, kuma mu masu saye mu ne muke raina kwamfutar da fuskarta ba ta cika da hotuna ba, mu ce ba a sa mata komai ba.

A gaskiya kuma yawancin mutanen Magarya da Dungas kwamfutarsu ita ce salular da take aljihunsu, a nan kuwa abin ya fi tsanani, domin da yawa daga manhajojin da suke zuwa da waya ba su da wurin gogewa, iyaka ka samu Désactiver. A Agusta 2020 sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya bayyana cewa ya gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, a ƙasashe irin su Habasha, Masar, Ghana, Kamaru da Afirka ta Kudu. Tana jawo wata mai suna xHelper, wadda take ƙoƙarin yi wa mutum rajistar hidimomin biya ba da saninsa ba, ta ci mega ta ci kredi, kuma ko an yi wa wayar formate takan dawo. Transsion, mai kamfanin Tecno, ya ce daga wani mai kawo masa kaya abin ya shigo, kuma ya fitar da gyara. Tun da na karanta wannan, idan tsohuwa ta kawo min waya tana kukan kredinta yana ɓacewa, ina fara duba saitin da yake nuna wace manhaja ta sha mega nawa. Sau da yawa wadda take kan gaba, mai wayar ba ta taɓa buɗe ta ba, ba ta ma san da ita ba.

Wasu ƙasashe sun sa doka. Koriya ta Kudu tun 2014 ta umarci masu ƙera waya su bar mutane su iya goge manhajojin da ba dole ba ne. Sin, inda ake ƙera mafi yawan wayoyin da suke hannunmu, ta sa irin wannan ƙa'ida ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023. A Tarayyar Turai, dokar kasuwannin dijital ta sa daga 2024 mai Windows a can yana iya cire abubuwan da a baya ba sa ciruwa, har da Edge, manhajar shiga intanet. Ba kullum ne mai saye yake nasara ba: wani Bafaranshe ya kai Sony ƙara yana neman a mayar masa da kuɗin manhajojin da bai nema ba, a Satumba 2016 kotun Tarayyar Turai ta ce sayar da kwamfuta tare da manhajoji a ciki ba zalunci ba ne a karan kansa. Duk da haka, abin da yake ci min rai shi ne na'ura ɗaya, kamfani ɗaya, wanda ya saya a Lyon yana da ikon da wanda ya saya a Dogo-Dogo ba shi da shi, alhali na Dogo-Dogo ne megar ta fi yi wa tsada idan aka auna da abin da yake samu. Muna da ARCEP mai kula da sadarwa, muna da HAPDP mai kare bayanan mutane. Ina so in ga sun ɗauki wayoyi da kwamfutocin da suka fi yawa a kasuwanninmu sun buɗe su, sun faɗa wa jama'a a rediyo, da Hausa da Kanuri da Fulatanci, abin da yake ciki da yadda ake kashe shi.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Waɗanda ofisoshin Turai da Amurka za su sauke, kasuwanninmu za su nufo, a yi musu sabon zubi a shago, a cika su da duk abin da ya samu. Shi ya sa yanzu idan abokin aiki ko tsohon ɗalibi ya ce zai sayi kwamfuta, sabuwa ko ta hannu, nakan roƙe shi ya gaya wa mai shagon kada ya ƙara mata komai, ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, in ba ta ɗauka a gwada mata Linux Mint. Idan ya iso Magarya da ita mu zauna kafin ta taɓa intanet, mu buɗe Démarrage da Applications, mu kunna Connexion limitée, sannan ya fara zuba takardunsa.